Tambaya da Amsa: Haɗa Digirin Fisiyo da na Lafiyar Al'umma, Ya Cancanci Ƙarin Shekara?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina shekarar ƙarshe ta digirin farko a nan Amurka, kuma ilimin halittu nake karantawa. Burina in zama likitar fisiyo tun lokacin da kakata ta samu shanyewar ɓarin jiki, na ga yadda gashi da atisaye suka tayar da ita har ta koma tafiya da sanda. Da nake duba makarantu sai na ga wasu suna haɗa digirin fisiyo, wato DPT, da digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma, MPH, a yi su tare. Abin ya burge ni. Amma Babana ya ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma ƙarin shekara ƙarin bashi ne. Ni kuma ina tsoron in bari daga baya in yi da-na-sani. Don Allah Anti, me wannan haɗin yake ƙara wa mutum? In nema ko in haƙura? Daga ɗiyarki, wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ƙara wa Kaka lafiya. Ki gaida Baba, ki ce masa a maganar bashi ina bayansa ɗari bisa ɗari. A maganar taurar ce muka ɗan rabu, domin na ga waɗanda suka yi karatun biyu tare suka fito lafiya lau. Ni kaina ina da digirorin biyu, sai dai ban haɗa su ba. Na yi aiki da marasa lafiya tukuna, daga baya na koma aji da yamma na yi na biyun.

Mu fara da tsarin. DPT shi ne ƙofar shiga aikin a Amurka. Tun 2016 hukumar CAPTE, mai tantance makarantun fisiyo, ba ta amincewa da shirin da bai kai matakin dakta ba. Yawanci shekara 3 ne, kuma dole a ciki ki yi aƙalla mako 30 kina aikin asibiti na cikakken lokaci a ƙarƙashin wani ƙwararre. Bayan nan sai jarrabawar ƙasa, NPTE, sai lasisin jihar da za ki zauna. MPH kuwa in shi kaɗai za a yi, shekara 2 yake ɗauka a mafi yawan wurare, kuma hukumar CEPH, mai tantance makarantun lafiyar al'umma, ta sa aƙalla kiredit 42, wato ma'aunin yawan darasi. Kin ga jimla shekara 5 ke nan. Abin da haɗin yake yi shi ne makarantun biyu su yarda wasu darussa su ci gida biyu, sai shekarun su ragu, galibi zuwa 4. Jami'ar Emory a Atlanta tana da irin wannan shirin, kuma makarantarta ta lafiyar al'umma, Rollins, maƙwabciyar CDC ce, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, titinsu ɗaya. Northwestern a Chicago ma tana da shi. Ki lura, kowace makaranta daban take ɗaukar ɗalibanta. Samun gurbi a ɗaya ba ya nufin an ba ki ɗayan.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe. MPH ba zai ƙara wa hannunki komai ba. Ba zai koya miki lanƙwasa gwiwar da aka yi wa tiyata ba, ba zai koya miki tayar da mai shanyewar jiki daga gado ba tare da kin ja masa kafaɗar da ta saki ba. Wannan duk DPT ne da shekarun aiki. Abin da MPH yake sauyawa shi ne irin tambayar da take damunki. Likitar fisiyo tana tambayar me ke damun wannan da ke gabanta. Mai ilimin lafiyar al'umma tana tambayar su wa ke da irin wannan matsalar, nawa ne, me ya jawo musu, kuma, wannan ce babbar, su wane ne ba su taɓa tako ƙofar asibitin ba.

Bari in nuna miki a aikace. Akwai wani gwaji da muke yi wa tsofaffi kullum. Mutum yana zaune a kujera, sai in ce tashi, ya miƙe, ya yi tafiyar mita 3 zuwa wani layi da muka manna a ƙasa, ya juyo, ya dawo ya zauna, ni kuma agogo na hannuna. A ƙa'idar CDC, wanda ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye yana cikin haɗarin faɗuwa. Na taɓa samun wata dattijuwa da ta karye a ƙugu, aka yi mata aiki aka turo ta wurinmu. Ranar farko sai da ta dafa hannun kujera da hannu biyu, ta yunƙura ta koma, ta sake yunƙurawa, kafin ta miƙe. Wajen juyawa kuwa taku ƙanana-ƙanana take yi, idonta a ƙasa. Muka yi makonni muna aiki, ta warware, agogo ya nuna ta fita daga haɗari, muka sallame ta da murna. Ba a daɗe ba aka dawo da ita da karayar wuyan hannu. Da na zauna da ita sai labari ya fito. Ita kaɗai ce a gida. Da dare takan tashi zuwa banɗaki a cikin duhu, ƙwan fitilar barandar ya mutu kuma ba ta iya hawa ta sauya. Ga maganin barci da take sha, ga wata 'yar darduma a bakin ƙofa mai zamewa. Ƙafarta ta yi ƙarfi, amma gidan da muka mayar da ita yana nan yadda yake.

Likitar fisiyo ta gari za ta gano wannan, ta aika a duba gidan, ta kira likitan da ya rubuta maganin. Ba sai da MPH ba. Inda MPH yake shigowa shi ne lokacin da kika ɗaga kai kika ce, to ai irinta suna da yawa. CDC ta ce a Amurka, cikin kowane mutum 4 masu shekara 65 zuwa sama, wajen 1 yana faɗuwa a kowace shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum wajen 684,000 a shekara a duniya. Ko kwana kike a asibiti ba za ki ga waɗannan ɗaya bayan ɗaya ba, kuma yawancinsu sai sun karye ake kawo miki su.

Dubi abin da aka yi a Jami'ar Otago ta ƙasar New Zealand. John Campbell da Clare Robertson da abokan aikinsu suka tsara atisayen gida na tsofaffi: ɗaga ƙafa da ɗan nauyi ɗaure a idon sawu, tsayuwa da ƙafa ɗaya, tafiya a kan dunduniya, sau 3 a mako, da ɗan yawo a waje. Babu wani abu a ciki da ɗalibar fisiyo ba ta sani ba. Abin da ya bambanta shi ne sun gwada shi a kan mutum fiye da 1,000, suka ƙirga, suka ga faɗuwa ta ragu da wajen kashi 35 cikin 100. Sannan suka gwada ko ma'aikaciyar jinya da likitan fisiyo ya horar za ta iya kai shirin gida-gida, aka ga tana iyawa, suka kuma lissafa kuɗin da kowace faɗuwar da aka hana ta ci. Wannan lissafin ne ya sa hukumomi a wasu ƙasashe suka ɗauki shirin. Atisayen na fisiyo ne. Tsara gwajin, ƙirgar, lissafin kuɗin da shawo kan masu riƙe da kasafi, wannan shi ne abin da za ki zauna ki koya a ajin MPH.

Darussan kuwa su ne ilimin yaɗuwar cututtuka da dalilansu, ƙididdigar lafiya, tsare-tsaren gwamnati da inshora, halayyar jama'a, da tasirin muhalli. Za ki kuma yi aikin fili a wata hukuma ko ƙungiya, sannan aikin kammalawa. Kar kalmar ƙididdiga ta firgita ki. Kwamfuta ce take lissafin, ke aikinki ki san wace tambaya kika yi mata da kuma inda amsarta za ta iya yaudararki. Ni darasin da ya fi taɓa ni ke nan. Ɗauki ciwon baya. Mutum ba ya zuwa wurinmu sai ranar da ciwon ya kai maƙura, kuma yawancin sabon ciwon baya yana sauƙi da kansa cikin makonni. Saboda haka duk abin da kika yi masa, ko na kirki ko na banza, zai dawo ya ce Allah ya saka, ya ji sauƙi. In ba ki san wannan tarkon ba, sai ki shekara ashirin kina yabon wata na'ura. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon baya mai daɗewa, ta goyi bayan atisaye da wayar da kan mara lafiya, ta kuma ce a daina dogaro da na'urar jan baya da ɗamarar ƙugu. Na san abokan aiki da wannan bai yi musu daɗi ba ko kaɗan. Gaskiya DPT ma yana koyar da karanta bincike, amma ɗanɗano ne. A MPH ake zama a kansa.

Akwai wata magana ta Geoffrey Rose, masanin cututtuka ɗan Ingila, da ya yi bayaninta a 1985, wadda kowane ɗalibin MPH yake haɗuwa da ita. Ma'anarta ita ce jama'a masu yawa da ke cikin ƙaramin haɗari sukan samar da marasa lafiya fiye da 'yan kaɗan da ke cikin babban haɗari. Ki auna wannan da rashin motsa jiki. Alƙaluman 2022 sun nuna kashi 31 cikin 100 na manya a duniya, wajen mutum biliyan 1.8, ba sa kaiwa minti 150 na motsa jiki a mako. Daga cikinsu ne masu hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki irin na Kaka za su fito. Wa ya fi likitan fisiyo sanin motsi? Amma in kika shiga ɗakin da ake yanke shawarar inda za a yi hanyar masu tafiya a ƙasa, ko abin da inshora za ta biya, da wuya ki tarar da ɗayanmu a zaune. Likitoci da ma'aikatan jinya sun daɗe da gane amfanin wannan digirin, mu ne muka makara.

Kuma ba ƙaramin fage ba ne. Wani bincike da ya fito a mujallar Lancet a 2020 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum biliyan 2.41 ne suke da lalurar da gyaran jiki zai amfane su, kusan mutum 1 cikin 3 a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin Rehabilitation 2030 a 2017, kuma a Mayun 2023 babban taronta ya zartar da ƙuduri na farko a tarihinsa kan shigar da gyaran jiki cikin tsarin lafiya na ƙasashe. A cikin Amurka kanta, dokar 1997 ta sa wa inshorar tsofaffi ta Medicare iyakar kuɗin da za ta biya na gashi a shekara, kuma sai 2018 aka soke wannan iyakar. Shekara 20 ana fama. Waɗanda suka yi wannan faman da alƙaluma da takardu suka yi shi.

To mu dawo kan Baba da aljihunsa. A alƙaluman ma'aikatar ƙwadago ta Amurka na 2023, matsakaicin albashin likitan fisiyo ya kusa dala 100,000 a shekara, na masanin yaɗuwar cututtuka kuwa wajen dala 81,000. Kin gani? Ba hanyar ƙarin kuɗi ba ce. Asibitin da zai ɗauke ki ganin marasa lafiya lasisinki yake saye, kuma inshora kuɗi ɗaya take biya ko haruffa nawa ne a bayan sunanki. Ƙarin shekarar kuma sau biyu take cin ki: kuɗin makarantar da za ki biya, da albashin shekara guda da ba ki karɓa ba, ga ruwan bashin DPT yana ta hawa. In kuma da bizar karatu kike zaune, ba ki da damar rancen gwamnatin tarayya, wannan na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Ki zauna da Baba da biro da takarda ku rubuta lambobin nan, kar ku yi shi da ka.

Akwai kuma wata wahalar da ba a rubutawa a takardun talla. In tsarin makarantar ya cire ki daga ajin fisiyo na tsawon shekara, 'yan ajinku za su wuce su bar ki, hannunki kuma zai yi sanyi. Ilimin sassan jiki yana gudu in ba a taɓa shi. Sai ki dawo ki faɗa aikin asibiti kina laluben abin da da a bakinki yake, ga jarrabawar lasisi tana jira.

Hukuncina ga wasiƙarki shi ne wannan. Na karanta ta sau da yawa, kuma abin da na gani a ciki Kaka ce da sandarta. Mutum ɗaya, da hannun da ya tayar da ita. Wannan son aikin asibiti ne, kuma ya isa dalili. Ban ga wata tambaya ta al'umma da take hana ki barci ba, abin da na gani tsoron da-na-sani ne, shi kuwa bai kai a ci bashin shekara saboda shi ba. Don haka ki sa duk ƙarfinki wajen samun gurbin DPT, domin shi ne mai wuyar samu. Amma cikin makarantun da za ki nema ta PTCAS, shafin neman gurbi a makarantun fisiyo, ki fifita waɗanda suke da shirin haɗin, ki tambaye su ko ana iya neman MPH bayan an shiga, don a wurare da dama ana iyawa. Ki tambaye su wace shekara ake fita zuwa ɗaya makarantar, da wane farashi ake cajin kiredit ɗin, ko tallafin da aka ba ki a fisiyo zai bi ki can, kuma ko CEPH ta tantance shirin. Sannan ki roƙi a haɗa ki da mutum biyu da suka gama, ki tambaye su aikin da suke yi yau da ko digiri na biyun ne ya kai su. In makaranta ta kasa nuna miki ko mutum ɗaya, kin samu amsa.

In kika shiga, kika fara fita asibiti, sai ki saurari kanki. In kin dawo gida kina tunanin yadda za ki gyara tafiyar wane, ki tsaya a DPT. In kuwa kin dawo kina jin haushin me ya sa duk masu fashin zuwa daga unguwa ɗaya suke, wadda bas ba ya kaiwa, har kin fara tattara adireshinsu a takarda, to ki je ki cike fom. In ma kin wuce lokacin, ƙofa ba ta rufe ba. Ana yin MPH da yamma ko ta intanet, kuma wasu asibitoci suna biya wa ma'aikatansu wani kaso. Ribar wannan hanyar ita ce kina shiga aji da tambayarki a hannu. Hasararta kuwa gajiya ce, musamman in iyali sun samu, wannan kam na ɗanɗana.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Ni likitan fisiyo ne, na yi digirina na farko a wajen Amurka kuma na daɗe ina aiki, yawanci da waɗanda suka yi haɗarin mota da babur. Wani abokina ya ce in na nemi wannan digirin haɗin zan samu lasisin aiki a Amurka kai tsaye, in kuma fito da MPH. Haka ne? Daga wani ɗan'uwanki a sana'a.

Amsa: Barka kadai Malam. Abokinka ya haɗa abubuwa biyu da ba a haɗe suke ba. Shirin haɗin an gina shi ne don wanda bai taɓa zama likitan fisiyo ba. In ka shige shi, daga farko za ka faro, ka sake zama ajin sassan jiki da yaran da ka isa ka koyar, ka biya kuɗin shekara 4. Hanyar wanda ya yi karatu a waje daban take. Za ka miƙa takardunka ga hukumar tantancewa irin FCCPT, su auna darussan da ka yi da ma'aunin Amurka, su nuna maka giɓin da za ka cike. Bayan nan sai gwajin Turanci in jihar ta buƙata, sai NPTE, sai lasisi. Kowace jiha da dokarta, wasu ma sai ka yi aiki na ɗan lokaci a ƙarƙashin kulawar wani. Don haka ka fara zaɓar jihar, ka karanta ƙa'idar hukumar lasisinta da idonka. Akwai kuma gajeren DPT na cike giɓi da ake yi wa masu tsohon digiri, amma shi ma ba lasisi ba ne, kuma ba ya ɗauke maka tantancewar. MPH kuwa ko kaɗan ba ya ba ka izinin taɓa mara lafiya.

Sai dai in bar maganar lasisi in ce maka wani abu. Kai ne irin mutumin da MPH shi kaɗai ya fi dacewa da shi, fiye da ɗiyar da na amsa wa a sama. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1.19 a shekara, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma suna jikkata, da yawansu da nakasar da za ta bi su har ƙarshen rayuwa. Ana ƙirga matattu, amma waɗanda suka rayu kai ne ka san inda suka ƙare: wanda ƙafarsa ta ƙage saboda an cire filasta ba a turo shi gashi ba, wanda ya daina zuwa don kuɗin mota ya ƙare, wanda ya samu rauni a laka aka sallame shi ba keken guragu. Tun kafin ka nemi makaranta, ka fara rubuta waɗannan a tsare, da izinin asibitinka kuma ba tare da sunan kowa ba: shekaru, irin raunin, kwana nawa tsakanin haɗari da zuwansa wurinka, zama nawa ya yi, ya koma sana'arsa ko bai koma ba. Wannan rijistar za ta yi maka magana a takardar neman gurbi fiye da duk wani yabon kai. Kuma ba dole sai Amurka ba. A Ingila digiri na biyu a wannan fanni shekara 1 ne, kuma makarantar London School of Hygiene and Tropical Medicine tana da cibiya ta musamman mai binciken nakasa, tana kuma koyarwa daga nesa, ta yadda za ka iya yi ba ka ajiye aikinka ba. In Amurkan ce dai, yawancin makarantun lafiyar al'umma ta shafin neman gurbi na SOPHAS ake nemansu, kuma wannan neman daban yake da na lasisi, kowanne da fom ɗinsa da kuɗinsa.